Tsokar Gwaji Daga Jos

Shekara bakwai na yi a ɗakin sikanin na wani asibiti a nan Jos kafin in buɗe ɗan shagona. Wata tsohuwa ce silar wannan sana'a tawa ta haɗa tsokar gwaji, wadda likitoci ke koyon soka allura a kanta suna kallon allon sikanin. An kawo ta jiki a kumbure, ana neman jijiyar da za a sa mata ruwa. Likitan matashi ne, ilimi kam ba a magana, amma idonsa da ke kan allon na'ura da hannun da ke riƙe da allura sun ƙi haɗuwa. Sau huɗu yana soka ta, tana cewa, "Ɗan nan, a hankali." Ranar na koma gida da tunanin abin da zai riƙa koyo a kansa wanda ba jikin mutum ba.

Tsokar roba ta waje, irin Blue Phantom, aba ce mai kyau, sai dai da dala ake sayenta. Tawa kuwa jelatin ne na saniya zalla (sinadarin da ake samu daga fata da ƙashi, mai daskarewa in ya yi sanyi), da ruwa, da garin masara mai laushi, da doguwar balan-balan.

Da jin kayan haɗin sai mutum ya raina aikin. Na'urar sikanin, wadda da sauti take haska cikin jiki, tana lissafi ne a kan cewa sauti na gudun mita 1540 a daƙiƙa cikin tsoka, kuma jelatin, da yake galibinsa ruwa ne, bai yi nisa da haka ba. Amma shi kaɗai baƙi ƙirin yake fitowa a allo. Garin ne ke warwatsa sautin har hoton ya yi toka-toka kamar naman mutum, in kuma ya yi yawa sai ƙasan ya duhunce. Babbar abokiyar gabata iska ce: kumfa ɗaya ta isa ta jefa inuwa a kan duk abin da ke ƙarƙashinta. Damu na koya wajen Inna. Ina yaro nakan tsaya ina kallonta tana talge, a hankali, hannu bai tsayawa, ko gudaji ɗaya ba ta bari. Haka nake juya tukunyata yau, in kwashe kumfar sama da cokali, in zuba rabi ya daskare a firji, in shimfiɗa jijiyoyi, sannan in rufe da sauran yana da ɗumi-ɗumi.

Jijiya biyu nake sawa kusa da juna, kamar yadda suke a wuya. Ɗaya ta balan-balan, da an danna ta da kan na'urar da ake ɗorawa a jiki sai ta lotse. Ɗayar roba ce mai kauri da ba ta lotsewa, ita ce wadda ba a so allura ta taɓa. Ruwa mai jar kala ke cikin ta balan-balan ɗin, in ɗalibi ya ja sirinji ya ga ja, ya san ya isa. Masu koyon ɗebo tsoka daga ƙari kuma nakan binne musu 'ya'yan inabi. Ina rina haɗin ya yi duhu don kada a leƙa da ido, dole a bi bakin allura a allo.

Yanzu masu kwaikwayo sun fito. Na ga ta wani, cike da kumfa, ana hango robar daga waje, ya karya farashi. Sai mai saye ya zo min da ciniki: "Malam, ai wannan kamu ne ka dama." Nakan miƙa masa kan na'ura in ce ya gwada duka biyun.

Na sha asara ni ma. Sanyin Jos ya ruɗe ni, na manta jelatin na narkewa tun wajen digiri 35. Na ɗora guda goma a mota zuwa wani taron horo a Abuja, muna gangara Hawan Kibo zafi ya fara, kafin Keffi sun koma kunu. Tun lokacin, kayan Abuja da garin aga nake yi, wanda ake samu daga ciyawar teku, don shi sai wajen digiri 85 yake narkewa. Ya fi saurin tsagewa, shi ya sa har yau ina gyara awonsa.

Idan sawun allura ya yi yawa a tsokar jelatin, a dawo min da ita shago. Zan narkar da ita, in tace, in sa sabbin jijiyoyi, washegari a zo a karɓa.