Ajin 'ya'yan 'yan ci-rani: ba takarda, ba aji

Duk mai niyyar buɗe wa 'ya'yan leburan gona aji, ya fara neman hatimi kafin ya sayi alli. Na koyar da irin waɗannan yara a yankin Kadawa na jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, kuma har gobe idan na tuna batun hatimin nan raina yakan sosu.

Iyayen suna isowa ne bayan an gama girbin damina, wasu daga Jigawa, wasu daga Katsina, wasu ma daga Nijar. Su yi dashe, su yi ban-ruwa, su tsinki tumatir a cika kwanduna a kai kasuwar Kwanar Gafan. Da zafi ya kankama, sai a naɗe tabarma a koma gida sharar gona. Wato yaro ya bar makarantarsu ana tsakiyar zangon farko, ya koma ana shirin na uku.

Tara yaran bai ba mu wuya ba. Rumfar zana, allo ɗaya, karatu bayan la'asar idan an tashi daga gona, shi ke nan. Akwai wata yarinya mai kimanin shekara 10 da ta zo ba ta san "a" ba. Hannunta kullum kore shar da ganyen tumatir, littafinta ma duk ya rine. Kafin su tafi tana karanta rubutun jikin buhun taki da kanta, tana kuma lissafa wa babanta kuɗin kwanduna kafin dillali ya gama latsa waya. Na sallame su ina ta alfahari.

Da rani ya zagayo suka dawo, ba ta zo rumfa ba. Na bi ta har bukkarsu. Baban ya ce, "Wallahi Malam, na kai ta makarantar garinmu. Hedimasta ya ce ina takardarta? Na ce ga ta nan, a gwada ta. Ya ce ba takarda, ba aji." Aji ɗaya aka mayar da ita, cikin 'yan shekara 6 masu yi mata dariya. Ba ta yi wata ba ta daina zuwa.

A gwada ta fa kawai! Minti biyar da alli sun isa. Amma a rajistarsa ba ta nan, a tamu rumfar kuma ba mai hurumin ya ce ta gama aji kaza. Wasiƙar da na rubuta da hannuna daga baya ma ko buɗe ta bai yi ba, tunda ba hatimin hukuma.

Abin takaicin, doka tana bayan yarinyar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya mai hedikwata a Kaduna, kuma aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta da na manoma masu ƙaura. A Amurka, inda suke da shirin 'ya'yan leburan gona tun 1966, sai da suka gina rumbun bayanai na musamman domin sakamakon yaro ya riƙa bin sa daga jiha zuwa jiha. Ashe matsalar tsohuwa ce, ni ne ban taɓa jin wanda ya ambace ta ba a duk tarukan da ake yi kan yaran da ba sa zuwa makaranta.

Yanzu ga yadda muke yi. Tun makon da iyalai suka sauka, muna roƙon firamaren da ke kusa ta sa sunayen yaran a rajistarta, rumfarmu ta zama kamar reshe. Malaminsu ya zo ya yi musu gwaji, hedimasta ya sa hannu, a kai ofishin sakataren ilimi a buga hatimi. Wannan zirga-zirgar ta fi koyarwar cin rai, sai an ce maka "dawo gobe" har ka gaji, amma ba makawa.

Kada kuma a jira ƙarshen kaka. Wanda ya ga 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, ya san aiki na iya ƙarewa dare ɗaya, ka wayi gari bukkoki ba kowa. Saboda haka takarda tana hannu tun watan Fabrairu. Muna sa ta a leda mu ba uwar, don ita ke adana kaya, mu ɗauki hotonta, mu karɓi lambar hedimastan garinsu mu tura masa ta WhatsApp kafin yaron ya isa.

Na 'yan Nijar har yanzu bai warwaru ba, domin can da Faransanci ake karatu, hatiminmu kuma ba ya aiki a wurinsu. Su muna ƙarfafa musu lissafi da karatun Hausa. Ita kuwa yarinyar, da ƙyar uwarta ta lallashe ta ta dawo rumfa, aka gwada ta, aka rubuta mata aji uku. Hedimastan garinsu ya karɓa bai ce uffan ba.