Daga Sakkwato Zuwa Burmi: Bin Sawun Kakannin Da Suka Yi Hijira

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, jama'a da dama sun bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya zuwa gabas. A gidajensu har yau ba a cika bambanta wanda ya yi shahada a hanya da wanda ya isa Sudan ya hayayyafa ba. Wannan ne ya fitar da ni.

A Sakkwato, kafin in shiga ɗakin tarihi na Waziri Junaidu, gidajen dangi na fara zagawa. A lokacin babu takardar shaidar mutuwa, amma malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littattafansu, da shekarar Hijira. Don samun shekarar Miladiyya, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1321 za ta ba ka 1903. Lissafin kan kauce da shekara guda, don haka nemi watan. Marsiyya ma takan taimaka, sai dai manya aka fi yi wa.

Kaduna ce ta fi cin lokaci. A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, an kasa fayiloli lardi-lardi: SOKPROF na Sakkwato, KANOPROF na Kano, SNP kuma na ofishin Sakataren Arewa. Rubuta lambar fayil daga kundin jerin sunaye kafin ka nema. Inda aka fi tuntuɓe shi ne suna, domin Bature yadda ya ji yake rubutawa: Muhammadu ya koma Momodu ko Mamadu. Da sunan gari da na hakimi ake nema, ba da sunan kakanka kaɗai ba. Rahoton ƙidayar haraji kan nuna ƙauyen da ya watse. A ganina shari'ar rabon gado a gaban alƙali ta fi komai amfani, in an dace da ita, tunda sai an tabbatar da mutuwa ake raba gado, kuma ana lissafa magada. Cibiyar binciken tarihi ta Arewa House ma na kusa, a leƙa.

Daga nan na bi ta Jos da Bauchi zuwa Gombe, sai Bajoga. Burmi na nan kusa da kogin Gongola, inda aka kashe Attahiru ran 27 ga Yuli, 1903. Dattawa za su nuna maka filin daga, amma kada ka sa ran jerin sunayen mamata.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar a Sudan. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya sa a jihar Gombe na tsaya. Ta WhatsApp ake tambayar mutanen can yanzu: ka aika sunan mutum, na ubansa, na kakansa, garin asali da sana'arsa, don masu suna Muhammadu ɗan Abubakar ba sa ƙirguwa.