Ƙurar hunturu da gilashin kamara

Jiya a wajen wani suna a Aboabo, nan Kumasi, na ga wani yaro mai ɗaukar hoto ya ja bakin rigarsa zai goge gilashin kamara. Na riƙe hannunsa na ce, "Haba ƙanena, cikin wannan hazon?"

Ƙurar da iska ke kwaso mana daga Sahara tun Disamba akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Kana murzawa kana kankare siririn rufin da aka shafa wa gilashin don rage ƙyalli. In ya karce shi ke nan, kuma kowa ya san tsadar sabo yanzu.

Ni dai nakan fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, gilashin na kallon ƙasa. Ban da baki, yawu na biyo iska. Sai burushi mai laushi. In akwai shatin yatsa, in ɗiga ruwan goge gilashin kamara a kan ƙyallen maikirofaiba, wato ƙyallen nan mai laushi na goge gilashi, ba a kan gilashin ba, in zagaya a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Tishu da ruwan wanke taga kuwa, ko kusa!