Talata, ban cike fom ɗin ba

Na je Samaru da niyyar cike fom ɗin JAMB, na dawo ban cike ba. Layi bai ma yi tsawo ba, ni ce na tsaya a gurbin kwas: Fiziks ko Lissafi.

Da la'asar Kawu ya leƙo gaida Inna, na tare shi a zaure.

"Ke 'yar nan, taurarin kike so ki kalla, ko yadda duniyar ta faro kike son sani?"

Na ce yadda ta faro, Kawu. Ina so in gane yadda aka yi aka ce shekarun sararin samaniya gaba ɗaya biliyan 13.8, da hasken nan da masana Penzias da Wilson suka tsinta a 1965, wanda ya rage tun farkon al'amarin.

Ya ce to in cire tunanin kwana gaban madubin hangen nesa. Masu kosmoloji, wato nazarin yadda sararin samaniya ya faro, yawancin aikinsu takarda ne da kwamfuta. Ka'idar da Einstein ya fitar a 1915 ita ce ginshiƙin fannin, kuma ba ta karantuwa sai da lissafi mai nauyi. Amma wanda ya yi Lissafi zalla zai isa digiri na biyu bai san kwantum ba, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyin zarra, bai san yadda zafi da haske ke aiki ba. Shawararsa: in ɗauki Fiziks a nan ABU, duk kwas ɗin zaɓi in kai shi sashen Lissafi, in fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu. Ya ce jami'ar Nsukka na da sashen da ya haɗa Fiziks da ilimin taurari, amma ya san Baba ba zai bar ni in yi nisan nan ba, kuma digirin farko mai ƙarfi shi ake dubawa. Daga nan akwai cibiyar koyon lissafi ta AIMS a Afirka ta Kudu, wadda Neil Turok ya kafa a 2003, shi ma ɗan kosmoloji ne, akwai kuma cibiyar nazarin Fiziks ta ICTP a Italiya.

Wallahi na ji kamar an sauke mini kaya. Har na rubuta sunayen a bayan littafina.

Sai bayan magariba. Baba na shan shayi, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Harhaɗa magunguna fa? Wannan naki ina ake cin abinci da shi?" Ba faɗa ya yi ba, shi ya sa ma ta fi zauna mini. Ƙannena uku na baya, kuma na san abin da fansho ke kawowa gidan nan. Shekara huɗu, sannan digiri na biyu, sannan na digirgir, duk kafin in fara tallafa wa kowa yadda ya kamata. Gaskiyarsa ce. Amma ni Fiziks nake so, kuma ban iya faɗa masa ba.

Tuwon dawa miyar kuka. Wuta ta zo ƙarfe tara.

Kawu ya ce zai zo ranar Juma'a bayan masallaci su zauna da Baba. Fom ɗin ya jira zuwa Asabar.