Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gangaren Mai Mahiu

Makon jiya mun tsaya a inda muka baro Nairobi za mu Nakuru a motar haya. Direbanmu ya ƙi hanyar sama, ya gangara ta Mai Mahiu inda tireloli ke bi. Hanya ce siririya da aka sassaƙa a jikin dutse, hagunka kwari mai zurfin da ke sa jiri. Ban daina salati ba har muka sauka.

Daf da ƙasa ya tsaya duba birki, kusa da wani ɗan coci da da ƙyar zai ɗauki mutum 12. Ya ce fursunonin yaƙi 'yan Italiya ne suka gina shi a 1942, lokacin da Ingilishi suka sa su fasa wannan hanya. Wasunsu a nan suka mutu.

Sai jikina ya yi sanyi, don Baba Tsoho ne ya faɗo mini a rai.

Kakana ne, sojan Ingila a yaƙin Hitila. Yana cikin rundunar Najeriya da ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta wuce har Harar a ƙasar Habasha. Da daddare a zaure yakan ba mu labarin ranar da ya ga Turawan Italiya sun ɗaga hannu, shi baƙar fata riƙe da bindiga yana kora su cikin mota. Kullum da tambaya ɗaya yake rufewa: "Ko ina aka kai bayin Allahn nan?" Mu yara dariya muke yi.

Ashe Kenya aka kwaso dubbansu, aka miƙa musu diga da shebur. An ce dokar Janiba ta 1929 kan fursunonin yaƙi ta halatta a sa fursuna aiki, ban da hafsoshi. To, doka dai. Mutumin da aka tsare da bindiga ba a tambayarsa ko ya yarda. A 1942 ɗin ne kuma aka fara kwasar talakawanmu aikin tilas a ramukan kuza na Jos, su da ba su yaƙi kowa ba.

Na shafa bangon cocin, duwatsun a jere tamkar an auna da zare. Abokin tafiyata ya ce, "Malam, me ka haɗa da coci?" Na ce saƙo ne zan kai gida. Baba Tsoho kuwa ya shekara 9 da rasuwa.

Direba ya danna oda. Abin da ya same mu a tashar Naivasha, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.