Kafin ki biya kuɗin keken ɗinki

Ƙanwata, in kin kwashi adashi kina shirin sayen keken ɗinki na gida, fara zuwa wurin mai gyaran keke na unguwarku. Ki tambaye shi wane iri ne ake samun kayan gyaransa ba wahala. Abin da ya faɗa miki ya fi zaƙin bakin mai shago amfani.

Ni farin keke na lantarki na saya, wanda aka riga aka yi amfani da shi, saboda yana fitar da ɗinkin ado kala-kala. Ashe daga Amurka aka kawo shi, inda ƙarfin wutarsu bai wuce volt 120 ba, tamu kuwa 230 ce. An rubuta wannan ƙarara a jikin motar keken, wato injin da ke juya shi, ban duba ba. Ina jona shi ƙauri ya cika ɗaki. Bayan an canja mota kuma, wani haƙorin roba da ke ciki ya gutsure a kan shadda ninki huɗu, mai gyara ya karaɗe kasuwar Sabon Gari bai samo irinsa ba.

Baƙin keken nan na ƙafa, Butterfly ko tsohon Singer, da 'yan mata ke rainawa, ƙarfe ne har ciki. Gaskiya miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, ba zigizag, ba ramin maɓalli. Amma ba ruwansa da ɗauke wuta, allurarsa da kwarkwaro da bel kuwa ko a ƙaramar kasuwa akwai. In ƙafa ta gaji, ana ɗaura masa 'yar mota daga baya. Babban keken Juki na shagon tela ki bar shi tukuna, gudunsa ya fi ƙarfin mai koyo.

Ranar saye ki tafi da ƙyallayenki: atamfa, shadda, da wani mai kauri. Mai shago da ɗan yadi mai laushi zai gwada miki, wanda kowane keke zai ɗinka. Zauna ki taka da kanki. Ki ninka ƙyallen, ki bi ta kan kalmasa, sannan ki juya ki dubi bayansa. In zaren ƙasa ya cukurkuɗe ko ɗinkin yana tsallake, a daidaita shi a gabanki. In ya ƙi, kada ki yarda da "zai saki in ya sha mai".

Ki kuma tambaya ko kuɗin har da tebur da ƙafa, don wasu kan keken kaɗai suke yi wa farashi.