Tambayar fitilar mota da ta hana ni barci

Ina koyar da kimiyyar Fiziks a wata makarantar sakandare, kuma a ranar da abin ya faru muna kan darasin haske ne da 'yan aji biyar, bayan an dawo daga tara. Na rubuta a allo cewa haske yana shafe kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, na ƙara da cewa hasken rana yakan ɗauki minti takwas da daƙiƙa ashirin kafin ya iso gare mu. Sai wani yaro da ke zama a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, idan mota tana gudu daidai da gudun haske, direba ya kunna fitila, zai ga hanya?" Ban ɓata lokaci ba na ce masa hasken zai tsaya a bakin fitilar, kamar babura biyu da suka jera da gudu iri ɗaya, babu mai wuce wani. Yaron ya gyaɗa kai, aka rubuta, aka tashi. Amsar kuwa kuskure ce daga farkonta har ƙarshenta.

Da daddare na kasa sakewa, domin zuciyata ta ƙi kwanciya da abin da bakina ya faɗa. An ɗauke wuta, don haka na zauna da fitilar waya da tsofaffin littattafaina na jami'a. Abin da ya fara ba ni kunya shi ne, Albert Einstein ya yi wa kansa wannan tambaya yana ɗan shekara 16, kuma ya lura cewa ƙa'idodin da James Clerk Maxwell ya tsara game da lantarki da maganaɗisu ba su yarda da haske a tsaye cak ba. A shekarar 1887 masana kimiyya Michelson da Morley sun yi gwaji a birnin Cleveland na Amurka don gano ko tafiyar duniya tana ƙara ko rage gudun haske, ba su sami bambancin da suke nema ba. A 1905, lokacin yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern ta ƙasar Suwizalan, Einstein ya ɗauki wannan a matsayin tushe: duk wanda ya auna gudun haske a sarari zai sami adadi ɗaya, ko a tsaye yake ko a guje, adadin da a yau aka tsayar a mita 299,792,458 a daƙiƙa.

Karanta wannan bai gamsar da ni ba sai da na yi lissafin da hannuna. Mun saba cewa idan babbar mota tana tafiyar kilomita 80 a awa, yaron mota ya jefa dutse gaba da gudun kilomita 20, na bakin hanya zai ga dutsen yana tafiyar 100. Idan gudu ya kusanci na haske, tarawa kaɗai ba ta isa, sai an raba jimillar da ɗaya haɗe da abin da aka samu bayan ninka gudun biyun, kowanne a matsayin kaso na gudun haske. Rabi da rabi sai su ba da 0.8. Na ɗauki kumbo mai gudun 0.99 ya kunna fitila mai gudun 1: a sama 1.99, a ƙasa ma 1.99, amsa 1. Na sauya lambar har sau biyar ina neman inda lissafin zai karye, amma kowane lokaci ɗaya nake samu.

Daga nan ne na gane cewa tambayar kanta tana da rami a cikinta. Duk abin da yake da nauyi ba zai kai gudun haske ba. Akwai wani adadi da ke nuna yadda agogon matafiyi yake jinkiri a idon wanda ya bari a gida: a kashi 87 cikin ɗari na gudun haske adadin yana kusan 2, a kashi 99 ya ɗan haura 7, a kashi 99.9 ya wuce 22. A ɗari bisa ɗari sai lissafin ya buƙaci a raba lamba da sifiri, kuma makamashin da ake bukata ba shi da iyaka. Ko a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeniba, inda ake ingiza furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ƙwayar zarra, zuwa fiye da kashi 99.9999 cikin ɗari na gudun haske, ba su taɓa cika ɗarin ba. Saura kaɗan in gyara kuskurena da wani kuskuren, wato in ce wa yara lokaci yana tsayawa ga haske, alhali ƙa'idar Einstein ba ta ba haske agogo ko mazauni da za a duba duniya daga cikinsa ba.

Abin da ake iya amsawa shi ne halin direban da ya kusanci gudun. Fitilarsa tana haska gabansa kamar kullum, idan ya duba madubi fuskarsa zai gani. Abin da ke waje ne yake sauyawa. Duk wanda ya hau babur cikin ruwan damina ya san ruwan da ke sauka a miƙe sai ya koma yana dukan fuska daga gaba, to haka hasken taurari yake taruwa zuwa gaban matafiyin. Na gaba yana karkata zuwa shuɗi har ya fita daga abin da ido ke gani, na baya kuma ya karkata zuwa ja ya dushe.

Washegari na shiga ajin na ce su buɗe littattafansu su soke amsar jiya, domin ni ne na yi kuskure. Aka yi tsit, wasu na kallon juna. Na ba kowane benci lamba daban, daga 0.2 zuwa 0.999, na ce su haɗa ta da gudun haske bisa sabuwar ƙa'idar, kuma tun daga ranar haka nake fara wannan darasi, lissafi kafin misali, domin misalin babura ne ya kai ni ya baro. Benci bayan benci suka riƙa kiran "ɗaya, Malam". Mai tambayar shi ne na ƙarshe da ya gama, ya daɗe yana kallon takardarsa, sannan ya ce, "To Malam, idan gudun hasken bai sauya ba, me ya sauya?" Na ɗauki alli na zana agogo biyu a allo.